Damargu: yashe tabki ba shi ne ƙarshen aiki ba

A gundumomin Tanut da Balbeji na jihar Damagaram, ana auna damina da hatsin da ya shiga rumbu, ana kuma auna ta da watan da tabkin gari zai ƙafe. Inda ruwa ya kai tsakiyar rani, mata na samun lambu, dabbobi na sha kusa da gida. Inda ya ƙafe da wuri, kowa sai ya koma kan rijiyoyi masu zurfi, rigima kuma ta biyo baya.

Babban abokin gaban tabkunan shi ne rairayi. Da aka sare itatuwa, gonaki suka haura arewa da iyakar noma da dokar 1961 ta shata, ruwan sama yana gangarowa da ƙasa yana cike ƙasan tabki shekara bayan shekara. Shi ya sa yashewa kaɗai ba ta ɗorewa: in ba a tare ruwan tun daga tudu da ramukan rabin wata da jerin duwatsu ba, damina kaɗan ce za ta maido abin da aka kwashe. Zuba kifi ma haka ne. Tarwaɗa na da juriya, amma ba ta girma a busasshen laka.

Tambaya mafi wuya ita ce: wa ke da iko da bakin ruwan? Dokar karkara ta 1993 da ta kiwo ta 2010 sun amince wa makiyaya haƙƙin isa mashaya. Sai dai mai lambun da ya yi gumin yashewa yana ganin shingensa halal ne, ko da ya toshe burtali. Kwamitin da bai zaunar da Fulani da Buzaye masu wucewa ba, dokarsa ba ta wuce bakin gari.

A can tsibirin Oahu na Hawai, a Amurka, wata ƙungiyar ƴan ƙasa ta ɗauki nauyin tsohon tabkin kifi na He'eia tun 2001, kuma har yau masu aikin gayya na gyaran katangarsa ta dutse. Yanayin ya bambanta ƙwarai, amma can masu kula ba su tafi da ƙarewar wani shiri ba.

A nan, tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024, sasanta irin wannan rikici ya rataya kan kantomomi, hakimai da kwamitocin filaye, waɗanda da yawansu ba su da ko kuɗin man zuwa bakin tabkin.