Kocin rayuwa da likitan ƙwaƙwalwa: Ina iyakar kowa?

Duk mai bibiyar Facebook, TikTok ko Instagram a 'yan shekarun nan ya ga yadda masu kiran kansu "kocin rayuwa" suka yawaita. Suna buɗe azuzuwa a WhatsApp, suna karɓar kuɗin rajista, suna alƙawarin gyara aure, bunƙasa jari da kawar da damuwa. Ba abin mamaki ba ne su samu kasuwa, ganin irin ƙuncin da ɗan kasuwa da ma'aikaci suka shiga tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Sai dai akwai tambayar da ta kamata a yi kafin a tura kuɗi: shin abin da ke damun mutum na koci ne, ko na asibiti?

Aikin koci, idan an yi shi bisa ƙa'ida, na mutum mai lafiya ne da ke neman cimma wani buri. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke cakuɗa uwar kuɗi da riba, ko ma'aikacin da ritaya ta tunkaro bai shirya mata ba, za su iya amfana da wanda zai taimaka musu su tsara manufa, ya riƙa bin diddigin ko sun cika.

Jinyar ƙwaƙwalwa ta hanyar tattaunawa kuwa magani ce. Ƙwararre ne ke gano cutar, ya bi hanyoyin da bincike ya tabbatar, kamar tsarin gyara tunani da ɗabi'a da likitan Amurka Aaron Beck ya samar a shekarun 1960. Ita ake yi wa mai ciwon damuwa, mai yawan fargaba, da wanda ya kasa mance tashin hankalin da ya gani a hannun 'yan bindiga. Kocin ƙwallo na iya koya wa ɗan wasa gudu, amma ranar da ya karye, wurin maɗori ake kai shi.

Babban bambancin yana wajen horo da hukunci. Likitan ƙwaƙwalwa sai ya yi shekara shida a makarantar likitanci, ya ƙara wasu shekarun na ƙwarewa, kuma hukumar MDCN na iya ƙwace lasisinsa idan ya ci amana. Koci kuwa ba lasisin gwamnati yake aiki da shi ba. Ƙungiyar ICF, wadda aka kafa a Amurka a 1995, tana ba da takardar shaida, amma mai zaman kanta ce, kuma babu wanda ake tilasta wa shiga. Wanda ya yi kwas na mako guda da wanda bai yi komai ba, duk suna iya ɗaukar sunan.

Ko a Amurka wannan giɓi ya jawo ɓarna. A 2024, binciken jaridar Salt Lake Tribune da kafar ProPublica ya gano cewa wasu masu jinyar ƙwaƙwalwa da suka rasa lasisinsu a Jihar Utah sun sauya suna zuwa kocin rayuwa sun ci gaba da harka. A 2025 jihar ta yi dokar da ta ƙara fayyace cewa jinya aikin masu lasisi ne kaɗai.

A Najeriya haɗarin ya fi haka. Likitocin ƙwaƙwalwar da ke aiki a ƙasar ba su kai 300 ba, ga jama'a sama da miliyan 200. Ga kuma tsangwama: mutum ya fi son a ce yana zuwa wurin koci da a gan shi a asibitin Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato ko Dawanau a Kano. Matar da ciwon damuwa ya kama bayan haihuwa, idan aka ce mata rashin himma ne ko ƙarancin godiya, an ɗora mata laifi a kan ciwo, an kuma jinkirta maganinta.

Alamomin da ke nuna lamarin ya wuce koci sanannu ne: baƙin ciki ko rashin sha'awar komai kusan kullum na tsawon mako biyu ko fiye, lalacewar barci da cin abinci, kasa fita kasuwa ko ofis, dogaro da ƙwaya, jin muryoyin da wasu ba sa ji, da tunanin kashe kai. Wannan na ƙarshe ba ya jira sai gobe. Kocin kirki da kansa zai ce a tafi asibiti. Wanda ya ce a daina shan maganin likita, ko ya yi alƙawarin warkarwa cikin kwanaki, a guje shi.

Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2023, ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙoƙin majinyata. Abin da ya rage shi ne aiwatarwa: Ma'aikatar Lafiya ta fayyace wa jama'a wanda ya cancanci yin jinya, ta kai wannan hidima cibiyoyin lafiya na matakin farko, a kuma hukunta mai tallar warkarwa ba da lasisi ba.

Ba a buƙatar korar kocin rayuwa daga fage. A Aro ta Abeokuta, tun shekarun 1950, Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya yi aiki tare da iyalan majinyata da masu maganin gargajiya, amma ragamar jinya na hannun likita. Haka ya kamata koci, malami da dattijon unguwa su zama: masu lura da alama, su nuna hanyar asibiti. Kafin nan, mai shirin biyan kuɗin aji ya tambayi kocin inda ya yi karatu, wace hukuma ke sa ido a kansa, da kuma wurin da yake tura wanda ciwonsa ya fi ƙarfinsa. Wanda ya kasa amsa ta ukun, bai cancanci a ba shi amanar sirri ba.