Gwiwar Griffin Da Gardamar Da Ta Ƙi Mutuwa

A ƙasar Amurka akwai wani wasa da mutanen can su ke kira ƙwallon ƙafa, ko da ya ke hannu ya fi ƙafa aiki a cikinsa. Ƙwallon mai siffar ƙwai ce, 'yan wasa goma sha ɗaya ne a kowane gefe, suna sanye da hulunan kwano da sulken kafaɗa, gama karo da kayarwa su ne rabin wasan. A cikinsu akwai mutum guda wanda komai ya rataya a wuyansa, shi su ke kira kwatabak. Shi ne madugu, shi ke ba da umurni, shi ke jefa ƙwallo, shi kuma abokan karawa su ke farauta. Ƙungiyar da ta rasa madugun kirki ta kan yi shekaru tana lalube.

Su kuwa sababbin 'yan wasa, ba a sayensu a kasuwa kamar yadda a ke yi a Turai. Kowace shekara ƙungiyoyi 32 na babbar gasar NFL su kan taru su zaɓi samarin da suka fito daga jami'o'i, bi da bi, har zagaye bakwai. Wadda ta zo ta ƙarshe a bara ita ke fara zaɓe, don kada ƙarfi ya taru a gida ɗaya. An kuma yarda ƙungiya ta sayar da gurbinta na zaɓe, ko na bana ko na baɗi. A nan ne a ke yin ciniki mai kama da caca, a nan ne kuma gardamar da za a ba da labarinta ta samo asali.

A 2012 samari biyu ne suka yi fice, Andrew Luck na Jami'ar Stanford da Robert Griffin na Uku na Jami'ar Baylor, wanda ya karɓi kyautar Heisman ta gwanin 'yan wasan jami'o'i a 2011. Kowa ya san Indianapolis, mai gurbi na ɗaya, Luck za ta ɗauka. Ƙungiyar birnin Washington tana gurbi na shida, rabonta da babban kofi kuwa tun Janairun 1992. Don ta sami Griffin, sai ta miƙa wa ƙungiyar Rams ta St. Louis, mai gurbi na biyu, zaɓenta na zagayen farko na shekara uku a jere, watau 2012 da 2013 da 2014, ta ƙara da na zagaye na biyu na 2012. Wani abin mamaki kuma, a zagaye na huɗu ta sake ɗaukar wani madugun, Kirk Cousins na Jami'ar Jihar Michigan. Tun ran nan magoya baya suka fara tambaya, me za a yi da madugu biyu a ayari ɗaya?

Da kakar wasa ta kama, sai bakin masu suka ya mutu. Griffin ya iya jifa, ga shi da gudu kamar barewa. A kakar nan ya yi jifan yadi 3,200, ya yi gudun yadi 815 da ƙafarsa, sau biyar kaɗai abokan karawa suka cafe jifansa. Washington ta ci wasa uku ne cikin tara na farko, daga nan ta ci bakwai a jere, ta zama zakaran rukuninta, abin da ba ta yi ba tun 1999. Aka ba shi kyautar gwanin sababbin 'yan wasa masu kai hari.

Ana cikin wannan daɗi ne ɓarna ta soma. Ran 9 ga Disamba, 2012, a wasa da Baltimore, wani ƙaton ɗan wasa, Haloti Ngata, ya yi karo da ƙafarsa ta dama, jijiyar gefen gwiwa ta gurɗe. Ita ce gwiwar da aka taɓa yi wa aikin fiɗa a 2009. Ya fita, ya sake komowa yana ɗingishi, har ya kasa. Cousins ya shiga ya rama, aka ci wasan da 31 da 28. Mako na gaba Cousins ya ja ragama, aka doke Cleveland da 38 da 21. Ashe dai akwai wanda zai iya riƙe ayari kafin madugu ya warke. Duk da haka, wasa ɗaya tak Griffin ya huta, ya komo da ƙarfen tallafi ɗaure a gwiwa.

Ran 6 ga Janairu, 2013, aka shiga wasan sili-ɗaya-ƙwale da Seattle a filin Washington, filin da ciyawarsa ta riga ta ƙoƙe. Tun da wuri Washington ta yi gaba da 14 da babu. Amma kafin kashin farko na wasan ya ƙare gwiwar ta sake motsuwa, duk mai ido ya ga yaron ba ya iya kafa ƙafarsa ya yi jifa. Mai horarwa Mike Shanahan, dattijon da ya ci babban kofi sau biyu da Denver, ya bar shi a fili. A kashi na huɗu aka miƙo masa ƙwallo a karkace, ya sunkuya zai ɗauka, gwiwar ta lanƙwashe ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Seattle ta ci da 24 da 14. Bayan kwana uku likita James Andrews ya yi masa aikin gyaran jijiyoyi biyu.

Daga nan magoya baya suka rabu kashi uku. Kashi na farko suka ce tun ranar ciniki aka yi asara, wai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, madugun da ke gudu da ƙwallo, ga tsohon ciwo a gwiwa, ba abin da za a jinginar da shekara uku a kansa ba ne. Kashi na biyu suka ɗora laifi a kan Shanahan, suna kafa hujja da cewa shi kansa Andrews ya shaida wa jaridar USA Today bai ba da izinin Griffin ya koma fili ba a wasan Baltimore. Kashi na uku kuwa suka ce yaron ne da taurin kai, tun da ya ke Shanahan ya ce Griffin da bakinsa ya nace zai iya, shi ma Griffin bai musa ba.

Abin da ya biyo baya ya ƙara wa kowane ɓangare makami. Kamfanin Adidas ya yi ta talla a kan cewa Griffin zai komo a wasan farko na 2013, ya kuwa komo wata takwas bayan fiɗa. Gudunsa ya ragu, ƙungiya ta ci wasa uku ta sha kashi a goma sha uku, aka sallami Shanahan. Gurbin zaɓen da wannan faɗuwa ta jawo, na biyu a 2014, Rams ce ta ci moriyarsa. A Disamban wannan shekara mai horar da Rams, Jeff Fisher, ya tura 'yan wasa shida da aka samu ta cinikin nan su wakilci ƙungiya wajen jefa kwabon fara wasa da Washington, sa'an nan suka lallasa ta da 24 da babu. Griffin ya goce a idon sawu a 2014, ya bugu a kai a 2015, Cousins ya gaje gurbinsa. Aka sallame shi a 2016, ya je Cleveland, ya ƙare a matsayin mai jiran gado a Baltimore daga 2018 zuwa 2020. Cousins ɗin ma bai zauna ba, a 2018 ya tafi Minnesota a kan dala miliyan 84.

To, wa ke da gaskiya? In aka auna da kyau, hujjar masu kukan tsada ita ce ta fi rauni. Rams da ta kwashi ganima ba ta shiga wasannin sili-ɗaya-ƙwale ba sai a kakar 2017, bayan ta ƙaura zuwa Los Angeles. Luck, wanda ba a biya komai don samunsa ba, raunuka suka sa ya ajiye wasa a 2019 yana da shekara 29. Russell Wilson, madugun Seattle a ranar nan, shi ma sabon shiga ne mai gudu da ƙwallo, an ɗauke shi ne a gurbi na 75, ya kuma ci babban kofi a Fabrairun 2014. Zaɓe sa'a ce, ba wanda ya san abin da ke cikin ƙwai sai an fasa. Abin da Griffin ya yi a 2012 kuwa ya nuna waɗanda suka zaɓe shi ba su yi makanta ba.

Masu zargin yaron ma sun manta da abu guda. Ɗan shekara 22, wanda birni guda ke kiran sunansa, in aka tambaye shi ko zai iya, amsa ɗaya gare shi. Tun yana ƙarami aka koya masa fita fili abin kunya ne. Saboda haka tambayarsa ba shawara ba ce, sauke nauyi ne daga wuyan manya zuwa wuyan yaro. Mai doki ba ya tambayar doki ko a ci gaba da sukuwa, ƙafarsa ya ke dubawa.

Ta inda tsadar ta shiga maganar shi ne, ƙungiyar da ta jinginar da shekara uku tana gaggawar ganin riba, mai horarwa yana tsoron kujerarsa, masu talla suna son fuskar da za su sayar, 'yan kallo kuma sun gaji da jira. Kowa na da dalilin son yaron ya tsaya a fili, ba kuwa wanda aka bai wa ikon cire shi wanda ba shi da wata riba a tsayawarsa. Tsadar da ta kamata ta sa a yi tattalinsa ita ce ta sa aka yi gaggawa da shi. Sauri kuwa ya haifi nawa. Magoya bayan da suka yi ta zagin Shanahan a watan Janairu, da yawansu su ne suka yi ta tafi sa'ad da yaron ya komo da ɗingishi a watan Disamba.

Darasin bai zauna ba. A 2024 Washington ta sake ɗaukar madugu mai gudu a gurbi na biyu, Jayden Daniels, shi ma mai kyautar Heisman, shi ma ya zama gwanin sababbin shiga. A Nuwamban 2025, a kakarsa ta biyu, a wasa da Seattle ɗin dai, aka bar shi a fili bayan an riga an yi musu nisa, wasa kuma ya kusa ƙarewa, gwiwar hannunsa ta hagu ta goce. Mai horarwa Dan Quinn ya fito ya amsa laifinsa. Amsa laifi halin dattako ne, amma ba ya mayar da gaɓa mazauninta.

Masu riƙe da ƙungiyoyi, ko wane irin wasa ne, ya kamata su sani gurbin zaɓe yana komowa kowace shekara, kofi ma haka, amma gwiwa biyu kaɗai Allah Ya bai wa kowane yaro. Hukuncin cire mai rauni ya zama a hannun likitan da ba ya ƙarƙashin mai horarwa, in ya ce a fita, magana ta ƙare. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.