Tai Woffinden

Tai Woffinden (an haife shi ranar 10 ga watan Agusta, 1990) ɗan tseren babur ne daga Birtaniya, wanda ya yi suna a tseren zagaye da ake kira sifidwe. Ya zama zakaran duniya a shekarun 2013, 2015 da 2018, kuma shi ne ɗan Birtaniya na farko da ya ci kambun har sau uku.

Yadda tseren yake

Mutum huɗu ne ke karawa a kowane zubi, su kewaya fili mai siffar ƙwai sau huɗu. Babur ɗin ba shi da birki, giyarsa ɗaya ce, kuma man metanol yake sha. Idan aka zo kwana, mahayi kan karkatar da tayar baya ta riƙa zamewa a kan turɓaya. Na ɗaya yana samun maki uku, na biyu maki biyu, na uku maki ɗaya, na ƙarshe kuwa ya tashi a tutar babu.

Rayuwar farko da sana'a

An haife shi a garin Scunthorpe na Ingila, amma ya girma ne a birnin Perth na Ostireliya. Mahaifinsa, Rob Woffinden, shi ma ɗan tseren ne. Tai ya fara da ƙungiyar Scunthorpe a 2006, ya wuce Rye House, sannan Wolverhampton.

Mahaifin nasa ya rasu a farkon 2010, shekarar da Tai ya fara shiga cikakkiyar gasar duniya ta Grand Prix, inda ya ƙare a matsayi na 14. Da ya dawo gasar a 2013, ya ci kambun duk da cewa ya karye a ƙashin kafaɗa sau biyu a kakar. Kafin shi, Freddie Williams da Peter Craven ne 'yan Birtaniya da suka fi yawan kambu, kowannensu da biyu.

Hatsarin Krosno

Ranar 30 ga watan Maris, 2025, Woffinden ya yi mummunan hatsari a garin Krosno na ƙasar Poland, a wasan share fage da yake yi wa ƙungiyar Stal Rzeszów. An ɗauke shi a jirgi mai saukar ungulu zuwa asibiti, likitoci suka sa shi dogon suma na wasu kwanaki. Ya samu karaya a wurare da dama, ciki har da cinya da baya, lamarin da ya raba shi da kakar 2025. Hatsarin ya sake tayar da muhawara kan shingen iska da ake kafawa a kwana domin tare mahayi idan ya faɗi.

Abin da sana'arsa ke nunawa

Ba abin mamaki ba ne hatsarin ya same shi a Poland, domin can ya yi mafi yawan shekarun ganiyarsa, musamman da ƙungiyar Sparta Wrocław. A yau gasar Poland ce ta fi kowace kuɗi da 'yan kallo, don haka manyan mahaya ke fifita ta.

A Birtaniya kuwa filaye ne ke ta rufewa. Coventry ta rasa filinta bayan kakar 2016. Wolverhampton, tsohuwar ƙungiyar Woffinden, ta bar filin Monmore Green a ƙarshen 2023, shekarar da Peterborough ma ta rasa nata. Yawancin ƙungiyoyin haya suke yi, sai abin da mai fili ya ga dama. Haka kuma zagayen Grand Prix na Birtaniya, wanda aka fara yi a babban filin Cardiff a 2001, ya koma ƙaramin fili a Manchester a 2025.

Duk da haka, ƙasar ba ta rasa gwanaye ba. Robert Lambert da Dan Bewley suna cikin tawagar da ta ci gasar ƙasashe ta duniya a 2021 da 2024. Matsalar ita ce wurin da yara masu tasowa za su koyi tseren, irin damar da Woffinden ya samu a Scunthorpe yana ɗan shekara 15.