Bayan Sadakar Arba'in, Wa Ke Leƙa Iyayen Yaro?

Jama'ar Zango, ba mai cewa mun gaza wajen jana'iza. Yaro ya rasu da safe, kafin azahar maza sun rufe rumfunansu a Kejetia sun raka shi makabartar Tafo, mata kuwa sun cika gida. A yi sadakar uku, a yi ta bakwai, a yi ta arba'in, sa'an nan a naɗe tabarmi kowa ya koma cinikinsa. To, ran nan ne makoki ke soma wa iyaye, ga takalman yaro a bakin ƙofa, ga allonsa jingine da bango.

Can Kano ko Sakkwato, inda kakanninmu suka fito, akwai goggo da inna masu kwana da uwa. Nan Kumasi kuwa da yawa ɗaki guda suke haya, dangi suna nesa. In ta yi kuka, a ce ba ta da tawakkali. In ɗan fari ne, kunya ta hana ta ambaton sunansa. In na biyu ke nan ta rasa, a soma raɗa ana cewa wabi take yi. Uba ko tambayarsa ba a yi.

Lalle hawaye ba rashin imani ba ne. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, 'ya'yansa bakwai, shida sun riga shi, Nana Faɗimatu kaɗai ta saura. Da ɗansa Ibrahim ya rasu a Madina, shekara ta 10 bayan Hijira, ya zub da hawaye gaban sahabbai.

Saboda haka ga shawararmu. Muna da adashin suna da na biki, me zai hana iyayen da suka binne ɗa su riƙa taruwa sau ɗaya a wata? Mata a makarantar Islamiyya bayan la'asar, maza a zaure bayan lisha. Ba a karɓar ko sisi, ba dogon wa'azi. Wadda ta shekara biyar da rashi ta zauna kusa da wadda ta yi wata biyu, gama ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Abin da aka faɗa nan, nan zai tsaya. Wanda aka ga ya bar ci da barci, a raka shi asibiti.

Muna roƙon limamai da Sarkin Zango da magajiyoyi su ba da wuri, su sa baki. Zumunta a ƙafa take. Allah ya jiƙan 'ya'yanmu, ya sanyaya zukatan iyayensu, amin.