A Daina Zagin 'Yan El-Kanemi In An Lallasa Su A Waje

Akwai wata ɗabi'a ta waɗansu 'yan kallo a Maiduguri wadda ya kamata a tsawata. In El-Kanemi Warriors ta ci wasa a gida, kowa nata ne. In kuwa ta je wani gari aka zura mata huɗu ko biyar, sai zagi da kiran a kori koci.

Lalle kaye da ciwo. Amma wanda ya san hanyar Maiduguri zuwa Fatakwal, fiye da kilomita 1,000 cikin mota, ya san irin gajiyar da ɗan wasa kan shiga fili da ita. Ƙungiyar nan ce fa ta ɗauko Kofin Ƙalubale a 1991 da 1992. Da rikicin Boko Haram ya hana wasa a Maiduguri, a Kano da Katsina ta yi zaman aro, wasan gida ma ya koma na waje. Ta faɗa rukuni na biyu a 2023, amma a 2024 ta doke Abia Warriors 2-0 a Legas, ta sake ɗauko kofin.

Wajibi ne hukumar ƙungiyar ta riƙa biyan albashi kan kari, ta kai 'yan wasa masauki da wuri su huta. 'Yan kallo kuwa su yanki tikiti, su cika fili ranar wasan da ya biyo bayan kayen.