Tara Tsofaffin Wuƙaƙe: Sha'awar da Ta Dace da Malamin Hausa

Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da suka ɗauki tara tsofaffin wuƙaƙen aljihu a matsayin abin sha'awa. Mutum yakan bi kasuwannin gwanjo yana neman wuƙa mai naɗewa da aka ƙera shekaru aru-aru. In ya samu sai ya goge ta, ya rubuta garin da aka yi ta da shekarar, ya jera ta tare da 'yan'uwanta. Idan aka ba Bahaushe wannan labari, abin da zai fara cewa shi ne ƙoshi ne ya yi musu yawa. Ra'ayin wannan maƙala ya saɓa wa haka. A ganinmu wannan sha'awa tana da amfani a wurinmu fiye da yadda take da shi a wurinsu, kuma malamin Hausa ne ya fi cancanta ya rungume ta. Za a kafa hujja da ɓangaren birnin Kaduna da ke kudu da kogi, domin wuri ne da tarihinsa ya tara wuƙaƙe iri-iri.

Abin da Ke Ɓoye a Kudancin Kogi

Tun lokacin da Turawan mulkin mallaka suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, ma'aikata suke kwararowa wannan gari. A kudancin kogi aka kafa babbar tashar jirgin ƙasa, inda layin Legas ya haɗu da wanda ya taso daga Fatakwal ta Kafanchan. A Kakuri aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya a shekarun 1960, sannan kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975. Ta haka Hausawa da Nufawa da Yarabawa da Ibo da Tibi da Bajju da Atyap da sauransu suka zo suka tarar da Gbagyi, aka zauna tare a Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa da Sabon Tasha.

Da wuya a sami magidancin da ya baro garinsu a wancan zamani ba tare da wuƙa a cikin kayansa ba. Wanzami ya zo da asake a zabira, mahauci ya zo da wuƙar fawa, malamin allo ya zo da 'yar wuƙar fiƙe alƙalami, Buzu mai gadi ya zo da takobi da wuƙar damtse. Wanda ya fara karɓar albashi kuwa yakan sayi wuƙar aljihu ta kanti a wurin 'yan koli. Su ma na kantin suna da nasu tarihin. Alal misali, wuƙar Okapi an fara ƙera ta a garin Solingen na Jamus a 1902 musamman don a sayar a Afirka, sai a 1988 aka mayar da ƙirarta Afirka ta Kudu. Wuƙar Douk-Douk kuma an fara yin ta a garin Thiers na Faransa a 1929, ta bazu a ƙasashen Afirka da Faransa ta mallaka. Ke nan hatimin da ke jikin wuƙa yana iya nuna zamaninta da hanyar fataucin da ta biyo.

Masaƙun nan sun durƙushe. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, ma'aikatan da yawa sun rasu ko sun koma gida. Kayansu na ƙarfe kuwa, 'yan bola-jari suna saye a kan sikeli, a kai inda za a narka. Wuƙar da kaka ya riƙe shekara arba'in takan tafi a kuɗin da bai kai na burodi ba.

Ribar Malamin Hausa

Riba ta farko ta harshe ce. Kowace wuƙa tana tafe da kalmominta: ƙota da kube da kaifi da tsini da wasawa. A bayanta akwai maƙera da kayanta, wato uwar maƙera da masaba da awartaki da zugazugi da gawayi. Akwai kuma bambancin maƙeran baƙi masu aikin baƙin ƙarfe da maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla, ga baduku wanda ya ɗinka kuben. Yaron da ya tashi a Barnawa ko Narayi yana jin Hausa, amma ba lallai ne ya taɓa ganin barho ba. Idan malami ya ce masa wane "kaifi ɗaya ne", ko "aski ya zo gaban goshi", ko "shi ke da wuƙa shi ke da nama", sai ya hardace maganar ba tare da ya hango hoton da ke cikinta ba. Ranar da ya ga askar wanzami da idonsa, karin maganar ya zauna masa har abada.

Riba ta biyu ta bincike ce. Ɗalibin kwaleji yana fama da neman batun da zai rubuta kundin kammala karatu a kai, sau da yawa yakan ƙare da maimaita abin da na gabansa suka yi. Ga fili nan a buɗe. Tsohuwar wuƙa guda ta isa ta kai shi gaban dattijo ya yi tambaya: wa ya ƙera ta, a wane gari, da nawa aka saye ta, wane aiki aka yi da ita, kuma yaya sunanta a harshen mai ita? Amsoshin nan su ne dukiyar. Wuƙar da ba a rubuta labarinta ba, ita da ƙarfen bola duk ɗaya ne.

Riba ta uku ta zamantakewa ce. Bayan rikicin 2000 da na 2002, mazauna Kaduna da yawa sun sauya unguwa, har kogin ya zama tamkar iyaka tsakanin jama'a. Malamin da ya jera wuƙar maƙerin Bahaushe kusa da ta maƙerin Gbagyi, da ta kanti da ma'aikacin masaƙa ya saya, ya nuna wa ɗalibansa cewa iyayensu sun yi aiki a inuwa ɗaya, sun ci kasuwa ɗaya.

Hujjojin Masu Suka

Masu suka suna da magana, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa garin da ya ga zubar da jini, wanda kuma yake fama da 'yan sara-suka, ba wurin da za a ƙawata wa matasa wuƙa ba ne. Gaskiya ne wuƙa makami ce a hannun mugu. To amma ɗan sara-suka ba ya neman askar da tsatsa ta cinye, sabuwa yake saye a kasuwa. Abin da yaro yake gani a yau shi ne wuƙa a ƙugun ɗan daba. Ya kamata a nuna masa ita a inda ta fi daɗewa, wato hannun wanzami da mahauci da baduku da mai fiƙe alƙalami.

Wasu kuma suna cewa aikin gidan tarihi ne, ga shi kuwa akwai Gidan Tarihi na Ƙasa a kan titin Ali Akilu tun 1975. Sai dai ma'aikatan gidan tarihi ba za su iya bin gida-gida a Kakuri suna buɗe adakar tsofaffi ba. Malamin makaranta ne yake cikin unguwa, shi iyaye suka sani, shi za su amince wa.

Ƙa'idojin da Ya Kamata a Kiyaye

Da farko, a san doka. Doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, ta ɗauki kayan hannu na gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi. Ba a cinikinsu sai da wakilin da hukumar ta amince da shi, ba a kuma fitar da su waje sai da izini. Wanda ya ci karo da irin wannan sai ya sanar da hukumar.

Na biyu, kada a raba iyali da gadonsu ta hanyar wayo. In sun ƙi bayarwa, a ɗauki hoto, a auna tsawo, a rubuta bayani, a bar musu abinsu.

Na uku, kada a wasa tsohuwar wuƙa ko a kankare ta da magagari, domin hakan yana goge hatimi da zanen maƙeri. Tsumma da ɗan man keken ɗinki sun wadatar. Da damina a zare ta daga kube, saboda fata tana riƙe laima, laima kuwa ita ke kawo tsatsa.

Na huɗu, a kulle su a akwati, ba a yawo da su a aljihu. Ba a kai su aji sai da iznin shugaban makaranta, kuma ba a miƙa su hannun yara.

Kammalawa

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Dattijan da suka san sunayen waɗannan wuƙaƙe da labarinsu suna ƙarewa, sikelin 'yan bola-jari kuwa ba ya hutawa. Saboda haka muna kira ga duk ɗalibin da zai fita koyon aikin koyarwa da ya tanadi littafi guda don wannan aiki. Ya fara da gidansu, ya tambayi abin da ke ƙasan adakar kakansa, ya rubuta. Idan kowane ɗalibi a aji ya kawo bayanin wuƙa biyar kacal, sashen Hausa zai mallaki taskar kalmomi da tarihi wadda malaman gobe za su riƙa ɗiba suna koyarwa.