Mangwaro a kudancin Katsina: Sanin lokacin ban ruwa ya fi yawan ruwan

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace sa'a da injin ban ruwa ya yi yana aiki ta zama kuɗi mai nauyi ga masu lambun mangwaro a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Ga kuma matsalar 'yan bindiga, wadda ta sa zuwa lambu kullum ya zama kasada a ƙauyuka da dama. Manomi a nan yana buƙatar ruwa kaɗan da tafiya kaɗan, amma 'ya'ya masu yawa.

Ilimin noma ya nuna hakan mai yiwuwa ne. Itacen da ya girma ba ya son ruwa bayan ɗaukewar damina a Oktoba. Fari na wata biyu zuwa uku, haɗe da sanyin hunturu, shi ke sa ya yi fure. Wanda ya ci gaba da ban ruwa a lokacin, ganye zai samu, ya kuma yi asarar mai. Ƙishin gaske yana zuwa ne bayan 'ya'ya sun ƙulla, daga Fabrairu zuwa zafin bazara, lokacin da rashin danshi ke sa su zuba ko su tsumbure. A nan ya kamata a kashe kuɗin mai, sannan a rage ruwa gab da nuna domin zaƙi ya kama. Sabon dashe kuwa ba ya jure fari, sai an riƙa shayar da shi duk rani.

Yin kwarin ruwa daidai faɗin inuwar itace, da rufe shi da busasshiyar ciyawa, da shayarwa da sassafe ko yamma, duk suna rage ƙafewa ba tare da kashe kuɗi ba. Tiyo mai ɗigo da famfo mai aiki da hasken rana sun fi tanadi, sai dai jarinsu ya fi ƙarfin ƙaramin manomi.

Wannan giɓi ne ya kamata gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa da shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai dala miliyan 700, su cike ta hanyar rance da malaman gona. Idan aka bari lambunan suka bushe, ɗan kasuwa a 'Yan Lemo ta Kano da ma'aikacin da ke sayen ƙwarya ɗaya a Funtuwa su ne za su biya farashin.